Adakar Mai Fenti: Nazarin Wani Gado da Ya Ƙi Rabuwa a Argungu

Ranar da aka zauna rabon gadon wani dattijo mai fenti a Argungu, kafin la'asar an gama da gida da gonar tudu da 'yar fadamar shinkafa. Malamin da aka ɗauko ya fitar wa matar tumuninta, ya raba saura tsakanin 'ya'ya, namiji rabon mata biyu, ba wanda ya ɗaga murya. Har an fara naɗe tabarmi sai tsohuwar ta aiko jikanta da wata adakar ƙarfe. Ta ce ita ma ta Malam ce, ta daɗe a ƙarƙashin gadonta, kuma ba ta son ta koma ga Allah da haƙƙin kowa a wuyanta. Aka fasa kwaɗon. Babu kuɗi, babu takardar fili. Littattafan rubutu ne irin na 'yan firamare guda 23, cike da zane daga bango zuwa bango, sai ƙunshin katunan gidan waya masu hoto da aka ɗaure da zare.

Malamin ya buɗa shafi biyu uku, ya ce shi bai san kuɗin da zai yi wa wannan ba, magada su daidaita a tsakaninsu. Ya yi addu'a ya tafi. Daidaitawar ta ci kusan shekara.

Ni mai zanen barkwanci ne, kuma autar marigayin tana koyarwa makaranta ɗaya da matata. Ta nan aka kira ni in duba. Na rubuta wannan da izinin gidan, bisa sharaɗin ba zan kama sunan kowa ba.

Mutumin

A Argungu an san shi da rubuta allon shago da fentin ƙofa. Kaɗan ne suka tuna cewa ya shafe ƙuruciyarsa a bisa hanya. Hannunsa ya fara faɗawa a makarantar allo, inda shi ake ba wa zayyanar allon masu sauka. Daga nan ya zama yaron mota, har wani direba ya gane cewa yaron ya fi amfani da buroshi a hannu fiye da wejin taya. Sai ya koma zanen bodin katako na manyan motoci: zaki, dawisu, takobi, da karin magana a goshin mota. Sana'ar ta bi da shi inda motoci ke taruwa. Lokacin kakar auduga yana Gusau, ko Ƙauran Namoda ƙarshen layin dogon da ya iso daga Zariya a 1929. In kasuwa ta ja baya sai Jega, sai Yawuri. Damina ta dawo da shi gida noma.

Littattafan

Kowane shafi ya raba shi gida huɗu ko shida, labari yana bin gidajen. Na farkon da tawadar gawayi da ƙaro ya yi su, maganar mutanen cikinsu da ajami, kuma labarin yana tafiya daga dama zuwa hagu. Daga baya biro shuɗi da ja suka shigo, boko ya maye gurbin ajami, tafiyar labarin ta juya. Harshen dai bai sauya ba, Kabanci ne tsantsa, da “munka” da “shina” da “wanga”.

Jarumin kusan dukkan labaran wani siririn yaron mota ne mai hular da ta fi kansa. Duk tashar da ya sauka sai ya ci karo da wani mai ƙaramin iko da ke cin mutane. Akwai ɗan dokan En'e da tumbinsa ke shiga gida kafin shi. Akwai kwamishon tasha mai aljihu takwas. Wanda ya fi kowa fitowa shi ne malamin awon auduga, wanda babban yatsansa ke ƙara girma daga littafi zuwa littafi, har ya kai sai yaro ya tallafo masa shi zuwa bakin sikeli. Manomi ya kawo farar auduga tas, malamin ya leƙa ta da ido ɗaya ya ce lamba biyu ce. Duk wanda kakansa ya taɓa kai auduga kasuwar awo ba ya bukatar fassara.

Na daɗe ina wannan sana'a, kuma na san wuyar sa mutum ya yi dariya da layi uku. Dattijon nan ya iya. Ya san inda ake barin gida babu magana don mai karatu ya cika da kansa, abin da da yawa cikinmu ba mu koya ba sai da muka ga aikin wasu ƙasashe a intanet.

Bai sa suna ko kwanan wata ko sau ɗaya ba. A kusurwar kowane shafin ƙarshe sai dai ɗan ƙaramin giwan ruwa, kifin da masunta ke fatan kamawa a kogin Matan Fada na Argungu, da wutsiyarsa a lanƙwashe. Rashin kwanan wata bai hana a jera littattafan ba, domin zanen da kansa ya riƙe zamani. A guda tara na farko motoci suna bin hannun hagu, ciniki kuma da fam da sule ake yi. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilu 1972, naira ta shigo a Janairu 1973, kuma akwai littafi guda da ya faɗa daidai tsakanin biyun: motoci a dama, kuɗi da sule, da shafi biyu na tsofaffin direbobi suna karo da juna a shataletale. Wani littafin kuma babu dariya a cikinsa ko kaɗan. Jiragen kwale-kwale ne maƙare da tukwane da akurkin kaji, mutanen ƙauyukan bakin kogi na ƙasar Yawuri suna tashi saboda ruwan madatsar Kainji da aka gama a 1968. A gidan ƙarshe ba a ganin komai sai ruwa da kan bishiyar giginya.

Katunan

Da farko na ɗauke su abin sha'awar matafiyi kawai. Dalar gyaɗa ta Kano, marinar Ƙofar Mata, hawan salla, madatsar Kainji, da masunta suna rugawa cikin ruwa da homa da gora a bikin kamun kifi, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo Argungu a 1934. Kaɗan daga cikinsu ya aiko wa matarsa daga Gusau, da layi biyu na gaisuwa da kan sarki mai hoton namun daji, kuɗinsa da kwabon da. Mafi yawa ba su taɓa shiga akwatin gidan waya ba.

Sai da na karkata ɗaya a hasken taga na ga layukan fensir siri-siri a fuskar hoton, a tsaye da a kwance, kamar gidajen dara. Na duba saura, kusan duk haka suke. Wannan tsohuwar dabarar masu zanen bango ce: ka raba ƙaramin hoto gida-gida, ka ja gidaje masu yawan haka a bango da alli, sannan ka kwashe abin da ke kowane ƙaramin gida ka zuba a babba. Katunan nan su ne malamansa. A jikinsu ya koyi yadda abu ke ƙanƙancewa in ya yi nisa, da inda inuwa ke faɗuwa.

Amma bai tsaya inda suka tsaya ba, kuma a nan ne lamarin ya kama ni. An buga katunan don baƙo ya aika gida, saboda haka komai a cikinsu tsaf yake. Katin dalar gyaɗa buhuna ne jere har sama, ga sararin samaniya shuɗi. A littafi na shida ga dalar nan dai, daga kusurwa guda, sai dai ya matsar da ido ƙasa: leburori ne ke hawa da buhu a ka, ɗaya ya zauna gefe ana ɗaure masa ƙugu da rawani. Katin kamun kifi ya nuna wanda ya ɗaga ƙaton kifi. Shi kuma ya zana sauran da suka fito da homa wayam, da matan da ke jiransu a bakin gaɓa. Duk katin da ka ɗauka akwai shafin da ya ba shi amsa. Wanda ya raba katunan da littattafan ya raba tambaya da amsarta.

Bin bango

A bangon baya na littafi na ƙarshe akwai jerin garuruwa da wurare da kuɗin aiki, wato lissafin bangayen da ya zana. Na ɗauki waɗanda ke cikin Kebbi, wuri 14, na bi su a cikin hutun makaranta biyu, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, Jega, Koko, har Yawuri. Na Zamfara ban bi ba. Iyalina ba su yarda da hanyar ba a halin da ake ciki na 'yan bindiga, ni ma ban musa ba. Wani direba ya duba mana wuri biyu a Gusau, ya turo hoton jerin shaguna masu ƙofar ƙarfe.

Uku na samu. A Birnin Kebbi, a bayan wani tsohon ɗakin shan magani, akwai uwa tana auna gishiri da sukari a kofi don yaro mai gudawa, irin zanen faɗakarwa na shekarun 1980. Saura fuskarta da hannu ɗaya. A Jega, bangon rumfar wani mai shayi yana ɗauke da mota mai bodin katako, rabinta a ƙarƙashin fastocin 'yan takara hawa-hawa. Na uku a Yawuri yake, kusa da masu kifi: kogi, jirage, da giginya. A kusurwar ƙasa ta kowanne, bayan na goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma, ga ɗan giwan ruwan nan da wutsiya a lanƙwashe.

Mai shayin Jega tsoho ne, ya gane aikin tun kafin in gama bayani.

“Baba, kun san wanda ya yi wannan?”

“Bakabe na, dogo. Kwana ukku yay yi nan, bai amshi ko kwabo ba, shayi da burodi yac ce in ba shi.”

Na fita wannan tafiya da zato a raina, irin zaton da baƙi ke yi in an ce Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, Kebbi ta biyo baya a 2000: cewa da gangan aka shafe zanen. A wurare goma sha ɗayan da na tarar babu komai, na tambayi maƙwabta, kuma ba inda aka ce mini an goge don addini. Huɗu faɗaɗa hanya ta ci su. Wasu an rushe ginin ƙasa an yi na bulo. Biyu masu tallar kaya sun shafe su da launin kamfaninsu, mai gida ya samu fenti kyauta. Ɗaya ambaliya ta kwantar.

Saura kuma rana da ruwa ne. Fentin mai ba ya barin bango ya yi numfashi, danshin damina ya taso daga ƙasa ya tsaya a bayansa, gishirin bango ya turo shi ya ɓamɓare kamar ɓawon rogo. Ja shi ke fara tafiya a rana, shi ya sa tsohon zane ke komawa shuɗi-shuɗi. Hunturu ya zo da ƙura ya kankare abin da ya rage. Magina na da sun san bango ciyar da shi ake yi, shi ya sa suke sake yaɓe, suna shafa makuba ta kwasfar ɗorawa, adonsu kuma a jikin yaɓen yake, ana sabunta shi tare da shi. Zanen fenti ba shi da wannan gata. Ranar da mai shi ya sauko daga tsani, ranar ya fara mutuwa.

Saɓanin

Ra'ayi uku ne a gidan, kuma kowanne da hujjarsa.

Babban ɗan, wanda ke limanci a masallacin unguwarsu, ya ce a ƙona. Mutane sun yi saurin ɗaukarsa mai tsauri, ni kuwa da na zauna da shi na ga tsoro ne irin na ɗa. Ya san hadisan da suka yi gargaɗi ga masu sura, kuma ba ya son abin da zai nauyaya wa mahaifinsa a kabari. Ya ce in da Baba yana son a gani, da bai kulle ba. Sai a zama na uku ya faɗi ɗaya dalilin. Malamin awon nan mai babban yatsa ba ƙirƙira ba ne. Fuskarsa, da tsagen kumatunsa, da yadda yake karya hula, duk wani dattijo a garin zai gane shi, kuma jikarsa ce ke auren limamin.

Na tsakiya ya ce a sayar. Wani dillalin kayan da ya ji labari ya zo ya taya katunan kaɗai, littattafan ya ce ba su da kasuwa. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma mai 'ya'ya bakwai a makaranta ba a yi masa dariya in ya saurari tayi.

Autar ta ce a ɗauki hoto a sa a Facebook duniya ta san ko wane ne ubansu. Har ta riga ta sayo salatif za ta liƙe shafukan da suka yage, tana shirin kai su a manne cikin leda da inji. Wannan kam na hana da ƙarfi. Gam ɗin salatif yana rina takarda ya ci tawada, ledar inji kuwa in ta kama ba ta sakewa. Abin da littattafan ke bukata kaɗan ne: a zare ƙarafan tsakiya da suka yi tsatsa suna cin takarda, a sa farar takarda tsakanin shafukan da biro ya fara naso, a ɗaga adakar daga ƙasa saboda gara da danshi. Gara ta riga ta cinye kusurwar guda uku.

An yi watanni ana jan magana, har 'yan'uwa suka fara gaisawa a tsaye. Tsohuwar ce ta tara su.

“Ku bar gardama. Ni kaɗai nis san su. In Malam ya komo daga tahiya, da dare shika buɗe min su gaban fitila, in ga inda yat tahi da abin da yag gani. Ni ban taɓa wuce Birnin Kabi ba, amma na san Gusau.”

Wannan ya rushe hujjar cewa ya ɓoye don kunya. Yana da mai karatu, mutum ɗaya, kuma tana raye. Kullewar ta kare shi ne daga mutanen da ya zana, waɗanda a lokacin suna da ikon hana shi aiki a tasha.

Limamin da kansa ya ba da shawarar a kai maganar ga malaminsa. Malamin ya bambance abu biyu. Game da sura, ya ce a mazhabar Malikiyya abin da aka haramta shi ne mutum-mutumi mai inuwa, cikakken halitta, na abu mai rai. Zane a shimfiɗe bisa takarda bai kai haram ba, mafi tsananin abin da aka faɗa a kansa karhanci ne, ko da yake akwai malaman wasu mazhabobi da suka fi tsanantawa. Game da malamin awo kuwa, ya ce mutuncin mamaci kamar na mai rai ne, kuma yaɗa abin da zai kunyata zuriyarsa ba tare da wata maslaha ba yana kusa da giba. A nan ya fi ba limamin gaskiya.

Abin da aka yanke

Adakar ba za a raba ta ba, ba za a sayar da wani ɓangare nata ba. Ta zama ta magada duka, tana ɗakin tsohuwar muddin ranta, a bisa benci, makulli a hannun babban ɗan. An ɗauki hoton kowane shafi da kowane kati gaba da baya, kowane ɗa ya karɓi kwafi. Na tsakiya, 'yan'uwansa suka haɗa masa abin da dillali ya taya. Littattafai huɗu da malamin awo ya fito a fili an naɗe su daban, ba a nuna wa kowa a waje. Saura autar na iya nunawa, da sharaɗin ta sanar da yayyenta. Na kuma gaya musu cewa dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba aikin zane kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, don haka ba mai ikon bugawa ya sayar sai da yardarsu.

Maganar kai wani abu Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, ta taso, aka ajiye ta sai bayan ran tsohuwar.

Hukuncin naɗe littattafai huɗun ya yi mini ciwo, kuma har yanzu yana yi. Su ne mafi kyawun aikinsa. A cikinsu ne talakan da aka cuta a bakin sikeli ya samu wanda ya rubuta masa ƙara, kuma ina ganin wannan maslaha ce babba. Na faɗi haka a gaban limamin. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Malam, kai za ka koma gidanka. Ni da surukaina muke salla sahu ɗaya.” Ban sami abin da zan mayar masa ba. Aƙalla dai ba a kunna ashana ba, kuma jikoki na iya sake duba maganar in waɗanda abin zai sosa sun kau.

Bangon Yawuri shi ne abin da ya rage. Mai wurin ya gaya mini bayan damina zai rushe ya fitar da shaguna uku, kuma ba ni da bakin hana shi. Na roƙi kwana biyu. Hoton waya ba ya kama layukan da suka dushe, sai ido da hannu. Na ja gidajen dara a jikin bangon da alli, goma a kwance, shida a tsaye, na ja irinsu a farin kwali daidai girman katin gidan waya, na riƙa kwashe abin da ke kowane babban gida ina zubawa a ƙarami: jirage biyar, giginya, masunci da homa a kafaɗa, da ɗan kifin a kusurwa. Yara suka kewaye ni suna gardamar ko jirgi na biyar jirgi ne ko dorina.

Da na koma Argungu na kai wa tsohuwar katin. Ta riƙe shi nesa da ido ta daɗe tana kallo, ta ce wannan bai taɓa nuna mata ba. Ta aika aka kira limamin daga masallaci ya zo da makulli, ta kwance zaren da kanta, ta sa shi a saman ƙunshin ta ɗaure.